LEDA BA NAJASA BA CE, TO AMMA WA ZAI ƊAUKI ALHAKINTA?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

A fiƙihu, leda abu ne mai tsarki. Da za ka yi sallah da ita a aljihu, sallarka ta yi. Da za ta faɗa cikin ruwan alwalarka, ba ta ɓata shi ba matuƙar launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa suna nan yadda suke. Ina ganin daga nan matsalarmu da ita ta faro. Mu mutane ne da aka raine mu da tsoron najasa. Ɗigon fitsari ya taɓa wa mutum wando, ba zai samu natsuwa ba sai ya wanke, kuma hakan shi ne daidai. Amma mutumin nan dai, shi ne zai tsotse ruwan leda a ƙofar masallaci, ya yar a ƙasa, ya shige sahun farko zuciyarsa wasai. Babin da ya karanta na ɗahara bai ambaci leda ba, don haka a wurinsa babu abin da ya faru.

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: idan wata cuta ta samu al'umma, kuma cutar nan mutum dubu ɗari ne suka haɗa ta, kowa da ɗan ƙanƙanin kasonsa wanda shi kaɗai ba ya cutar da kowa, wa za a tambaya ranar gobe? Ledarka ɗaya ba ta toshe kwata. Ledar maƙwabcinka ɗaya ba ta kashe tunkiya. Amma ga kwata a toshe, ga tunkiya a mace. Kowa ya duba hannunsa ya ga babu jini.

Kafin hukunci, sai a san abin da ake magana a kai, domin malamai sun ce hukunta abu yana biyo bayan fahimtarsa ne.

Leda da dangoginta na roba daga ɗanyen man fetur da iskar gas ake yin mafi yawansu. Sinadarin da ake yin ledar cefane da shi, a Ingila aka gano shi a 1933, ita kuwa jakar leda mai hannu biyu da muka sani, wani injiniya ɗan ƙasar Suwidin mai suna Sten Gustaf Thulin ne ya tsara ta a shekarun 1960. Wato abu ne da kakanninmu ba su rayu da shi ba. Abin da ya sa ta karɓu shi ne abin da ya sa ta zama bala'i: ba ta ruɓewa. Ganye, ƙashi, kashin dabba, tsumman auduga, duk Allah Ya halicci ƙananan halittu a cikin ƙasa masu cinye su, su mayar da su taki. Leda kuwa ba abincinsu ba ce. Abin da rana take yi mata shi ne ta gasa ta har ta yi rauni ta daddagargaje, ta zama ƙanana, ƙananan su ƙara zama ƙanana, har ido ya daina ganinsu alhali suna nan a cikin ƙasa da ruwa. A 2017 wasu masu bincike a Amurka suka ƙididdige cewa an ƙera roba kimanin tan biliyan 8.3 tun daga shekarun 1950, kuma cikin wadda aka gama amfani da ita kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa, aka ƙone kashi 12, ragowar kashi 79 tana jibge a bola ko a warwatse a doron ƙasa. A 2022 kuma wasu masana a ƙasar Holan suka gwada jinin mutum 22 masu lafiya, suka samu ɓurɓushin roba a jinin 17 daga cikinsu.

Mu bar Turai, mu dawo gida. Ka je mahauta ka tambayi mai fawa abin da yake tararwa idan ya farke tumbin saniya ko akuyar cikin gari. Zai ba ka labarin dunƙulen leda da ta cakuɗe da juna ta yi tauri kamar igiya. Dabbar tana jin ƙanshin mai da gishiri a jikin ledar da aka ci alale ko awara a ciki, sai ta haɗiye. Ledar ba ta narkewa, ba ta kuma fita, sai ta zauna ta cike wurin abinci. Dabba tana ramewa, cikinta yana kumbura, mai ita yana ta sayen magani yana cewa sammore ne ko kambun baka. Sau da yawa kuma akuyar nan ta wata bazawara ce ko tsohuwa, ita ce asusunta, da ita take sa ran yi wa 'yarta kayan ɗaki. Lokacin da Muritaniya ta hana leda a 2013, babban dalilin da jami'anta suka bayar shi ne yawan shanu da tumakin da ke mutuwa a birnin Nuwakshot saboda cin ta. A addinin da aka ba mu labarin wata mata da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta, ban ga yadda za a ce wannan ƙaramin al'amari ne ba.

Sai damina. Duk wanda ya taɓa leƙa Jakara a Kano, ko wata babbar kwata a Zariya ko Damagaram, ya san me ke kwance a ciki. Ba na cewa kowace ambaliya leda ce ta jawo ta. Akwai ta ɓallewar madatsar ruwa, akwai ta gini a kan hanyar ruwa, akwai ta cike kududdufan da magabata suka bari suna shanye ruwan unguwa. Amma ruwan da ya zo kwalbati ya tarar da shi a cushe, dole ya nemi wata hanya, kuma hanyar da yake samu ita ce gidan ƙasa na wanda ya fi kowa talauci a layin. A birnin Akara na Gana, daren 3 ga Yunin 2015, ruwa ya cika tituna saboda magudanai sun toshe da shara, mutane suka fake a wani gidan mai, man ya bi saman ruwa, wuta ta kama, mutum kusan 150 suka rasu. Bayan ruwa ya janye kuma, abin da ya kwanta a kwata da cikin yagaggun ledoji shi ne gidan sauro.

Manoman kewayen birni da ke sayen takin bola su ma suna da nasu ƙorafin, don yanzu rabin aikin tsince leda ne daga cikin takin. Masu ƙona bola da yamma kuwa, da masu hura gawayi da leda don wuta ta yi saurin kamawa, hayaƙin nan ba ya tsayawa a gidan wanda ya kunna. Jaririn maƙwabta da mai ciwon asma su ma suna shaƙa.

To yanzu, alhakin wa?

Wani zai kawo hukuncin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, a kan mutanen da suka taru suka kashe mutum ɗaya a San'a'u, ya zartar musu da ƙisasi gaba ɗayansu, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. Darasin da ke ciki shi ne taron dangi ba ya narkar da laifi. Amma ƙiyasin bai zauna daidai ba a nan, domin waɗancan sun haɗa baki ne da niyyar kisa, su kuwa masu yar da leda ba su san juna ba, babu kuma wanda ya nufi kowa da sharri. Duk wanda ya ce mai yar da ledar ruwa makashi ne ya wuce gona da iri, kuma irin wannan zafin shi ke sa mutane su toshe kunne.

Abin da ya fi kusa shi ne mas'alar wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar jama'a ba da izini ba. Bai tura kowa ciki ba, wataƙila ma yana barci a gidansa lokacin da jakin wani ya afka. Duk da haka malaman fiƙihu sun ɗora masa biya, saboda shi ne sababi, kuma ya yi ta'adi a wurin da ba mallakinsa ba. Hanya ta kowa ce. An yarda ka amfane ta bisa sharaɗin kada ka cutar. Bambancin kawai, a mas'alar leda masu haƙa rijiyar suna da yawa, kowa cokali ɗaya na ƙasa ya ɗebe. Alƙalin duniya ba zai iya raba musu kuɗin akuyar ba, don ba zai iya gane ledar wa ta ci ba. Amma gazawar alƙali wajen ƙididdigewa ba ta nufin babu lissafi. Ma'aunin lahira ba ya raina ƙwayar zarra.

Akwai kuma misalin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya buga game da zunuban da ake rainawa, wanda Imamu Ahmad ya ruwaito: ya kamanta su da matafiyan da suka sauka a wani kwari, wannan ya kawo ɗan itace, wancan ya kawo ɗan itace, har suka tara abin da ya gasa musu gurasa. Malamai suna fassara shi a kan mutum ɗaya da ƙananan laifukansa ke taruwa su hallaka shi, kuma haka ne. Amma ka lura da hoton da kansa: jama'a ne, kowa da kara ɗaya, sai ga wuta. Wallahi ban san abin da ya fi wannan kama da bolar unguwa ba.

Kada kuma a ɗauka maganar shara sabon abu ne da 'yan boko suka kawo mana. Hadisai sun yi gargaɗi mai tsanani a kan biyan buƙata a hanyar mutane da inuwarsu da mashayarsu, sun hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, sun ƙidaya kawar da ƙazanta daga hanya cikin rassan imani. Imamul Gazali, wanda ya rasu a 505 bayan Hijira, ya ware fasali guda a Ihya'u a kan munkaran tituna, ya lissafa zubar da shara a hanya, da watsar da ɓawon kankana inda mutum zai iya zamewa, da mahaucin da ke yanka a ƙofar shagonsa yana ɓata hanya da jini. Ɓawon kankana fa, wanda kwana kaɗan ya ishe shi ya ruɓe. Ina ga abin da zai daɗe a ƙasa bayan an binne wanda ya yar da shi? Kuma ya yi wani bambanci mai amfani: ƙazantar da aka san wanda ya jawo ta, shi za a kama, wadda kuwa ta game gari kamar caɓin ruwan sama, aikin hukuma ne ta tsara yadda mutane za su kawar da ita. Leda tana da fuska biyun nan duka.

Abin da na fahimta, Allah ne mafi sani, shi ne: yin amfani da leda halal ne a asali. Jefar da ita a hanya ko kwata ko inda dabbobi ke kiwo, ga wanda ya san illarta kuma yana da yadda zai yi, laifi ne da za a tambaye shi daidai gwargwadon kasonsa, kuma yana girma da maimaitawa. Cewa "kowa ma yana yi" ba uzuri ba ne, ai shi ne ma ainihin yadda cutar take haɗuwa.

Na san abin da wasu za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce: Malam, mutumin da bai ci abinci ba tun safe kake wa wa'azin leda? Ruwan leda fa ba don gayu ya yaɗu ba. Ya yaɗu ne a shekarun 1990 saboda famfo ya ƙafe, kuma tun yana naira 5 ya tsare mutane da yawa daga shan ruwan da zai sa su amai da gudawa. Mai ƙosai da ke juya jarin yini ɗaya, leda ita ce mazubi mafi araha a wurinta. Yaron da ke sayen man gyaɗa da sukari da omo na ƙulli-ƙulli, ba shi ya zaɓi rayuwar awo kaɗan-kaɗan ba. Sannan ko mutum ya tara sharar a gida, ina motar da za ta zo ta kwashe? Duk wannan gaskiya ne. Shari'a ba ta ɗora wa rai abin da ba zai iya ba, kuma ba a gusar da cuta da wadda ta fi ta. Da za a hana ruwan leda gobe da safe alhali ba a kawo famfo ba, an yi gyaran gangar auzinawa.

Amma abin da wannan hujja ta tabbatar shi ne alhakin ba daidai yake a kan kowa ba. Ba ta tabbatar da cewa babu shi ba. Kuma idan aka bi shi bisa gwargwadon iko, sai ka ga mafi nauyinsa ya tashi daga kan mai ƙosai ya koma kan waɗanda ba a cika ambata a wa'azi ba. Mai masana'antar da ke fitar da dubban buhunan ruwa a rana ya ci ribar ledar, ya bar wa unguwa kuɗin kwashe ta. Wani ɓangare na ribar nan ba gwanintarsa ba ce, asarar wasu ce da ba a rubuta a littafinsa ba. Idan yana da motocin raba kaya, yana da motocin da za su dawo da ledar da aka shanye, kuma akwai masu narka ta su yi wasu kayan robar. Haka attajirin da zai aurar da 'ya, ya raba abinci a robobin yarwa ɗari-ɗari, kowace da cokalinta da ledarta, washegari a share a tura kwata. Wannan ba talauci ne ya sa shi ba. Kuɗin da ya kashe wa masu ado na wurin taro ya isa ya ɗauki hayar faranti da masu wanki har da canji.

Talaka ma, in ana maganar gaskiya, ya fi mai kuɗi alkinta roba. Shi ne ke wanke gorar lemo ya zuba zoɓo ko kunun aya, shi ne ke mayar da bokitin fenti na wanka. Yaran da muke kira 'yan jari-bola, muna toshe hanci idan sun wuce, muna zarginsu da sata a dunƙule, su ne kusan kaɗai ke yin aikin da addini ya kira reshen imani, ko da don neman abinci suke yi. Akwai ɓata-gari a cikinsu kamar kowace sana'a. Amma wanda ya zubar ba shi da bakin raina wanda ya tsince.

Hukuma kuwa tana da damar taƙaita abin da yake halal idan maslahar jama'a ta buƙaci haka, wannan sananne ne a wurin malamanmu. Bangaladash, ƙasar Musulmi, ita ta fara hana siririyar leda a 2002, bayan an ga rawar da ta taka wajen toshe magudanai a manyan ambaliyoyinsu. Ruwanda ta hana a 2008, har a filin jirgi ake karɓe ta daga hannun baƙi. Kenya ta biyo a 2017 da hukuncin da zai iya kai wa ɗaurin shekara 4. Nijar ta yi dokarta a 2014, amma duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ya san doka a takarda daban, aiki da ita daban. Legas ta hana farar robar zuba abinci a Janairun 2024. A matakin duniya, ƙasashe 175 sun amince a Nairobi a 2022 cewa za a yi yarjejeniya a kan roba, aka zauna a Koriya ta Kudu a ƙarshen 2024 aka tashi baram-baram, aka sake zama a Janiba a Agustan 2025 aka sake watsewa, babban saɓanin kuwa a kan rage yawan abin da ake ƙerawa ne, wanda ƙasashe masu arzikin mai ba sa so. Wanda ke jiran a gama wannan kafin ya gyara ƙofar gidansa zai daɗe yana jira.

Madadin fa? A nan ma a yi hattara da 'yan talla. Akwai ledar da ake rubuta wa cewa tana narkewa da kanta, alhali wani nau'inta saurin dagargajewa kawai yake yi ya zama ɓurɓushi, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana irinsa daga 2021. Jakar takarda kuwa itace da ruwa take ci, mu da hamada ke bin mu a guje. Takardar jarida da ta littafin makaranta da ake naɗe tsire da ita tana da tata matsalar, don sau da yawa akwai sunan Allah ko aya a jiki. Mafi kyawun mazubi shi ne wanda kake da shi a gida kuma za ka yi shekaru kana amfani da shi. Ba da daɗewa ba ai da kwano ake aiken yaro sayen ƙosai, da kofi ko jug ake sayen koko, da kwando ake zuwa cefane, da kwalba ake sayen mai, goro a ganye yake zuwa daga kurmi, alale a gwangwani ake dafa shi. Yau koko mai tururi ake ɗurawa a farar leda a ba yaro ya huda da haƙori. Masu saƙar kaba da masu gyaran ƙwarya da maginan tukwane suna nan a ƙauyuka, kasuwa ce ta guje su. Mai shago kuma zai iya abu ɗaya da ba zai ci masa ko kwabo ba, har ma ya rage masa kashe kuɗi: ya daina saka sabulu ɗaya a leda sai an nema. Mu masu saye mu ma mu daina jin an wulaƙanta mu idan ba a ninka mana leda biyu ba.

Na bar masallaci a ƙarshe don a nan abin ya fi ciwo. Ka ƙaddara wurin tafsiri mai ɗaukar mutum 1,000, wani bawan Allah yana sadakar ruwa, kowa leda ɗaya, dare 30. Leda 30,000 ke nan daga masallaci guda a wata guda, a kuma watan da ake ninka lada. Shayar da ruwa yana cikin mafifitan sadakoki, babu mai cewa a daina. Amma mai sadakar da ya iya sayen buhu 50 na ruwa a kowane dare, zai iya ƙara buhunan wofi guda huɗu a rataye a ƙofofi, da ɗan ihsani ga yara biyu da za su tattara. Ledar ruwa idan aka tara ta ita kaɗai, ba a gauraya ta da sauran shara ba, akwai masu sayenta a kan kilo, kuɗin ya shiga asusun masallaci ko aljihun yaran. Inda hali ya yi, tanki mai famfo da ruwa mai tsabta ya fi, a riƙa wanke shi a kan kari, masu zuwa kullum su zo da gorarsu.

Filin idi ma haka. Kwamitin da ya iya shirya lasifika da jeran sahu da wurin ajiye motocin manyan baƙi, ba zai gagara sanya mutum goma da buhuna a bakin fita ba, kuma liman ya faɗa a huɗuba kafin a watse cewa kowa ya tashi da abin da ya zo da shi. Yawancin filayen idinmu makiyaya ce a sauran ranakun shekara. Da la'asar ɗin ranar sallah, tumakin unguwa ne ke shiga su yi kiwo a inda muka yi sujada.

Wallahu a'alam.